Tulu da Furfura

A shekara ta 203, a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, hukumar Romawa ta kama wasu sababbin masu bin Almasihu. A cikinsu akwai Farfetuwa, 'yar manyan mutane, mai shekara 22 da goyo a hannu. Abin da ake nema gare su kaɗan ne a ido. Su miƙa hadaya domin lafiyar Kaisar, a sallame su.

Mahaifinta ba Kirista ba ne, kuma ita ce 'yar lelensa, ya fifita ta a kan 'yan'uwanta maza. Da ya zo lallashi, sai ta nuna masa wani tulu da ke ajiye, ta tambaye shi ko ana kiran abin nan da wani suna ba nasa ba. Ya ce a'a. Ta ce to ita ma haka, Kirista ce, ba ta da wani suna. Tsohon ya yo kanta kamar zai ƙwaƙule mata ido, sannan ya fice.

Da a ce da fushi kaɗai ya riƙa zuwa, da abin ya zo mata da sauƙi. Amma da ya same ta a kurkuku, da kuka ya zo. Ya sumbaci hannuwanta, ya zube a ƙafafunta, ya roƙe ta ta ji tausayin furfurarsa, ta tuna da mahaifiyarta, ta dubi jaririn da ba zai rayu ba in babu ita. Mu da muka taso muna tsoron bakin iyaye mun san nauyin wannan. Uba ne fa a durƙushe gaban 'yar da ya haifa! Kuma babu ƙarya a cikin abin da ya faɗa, domin abin kunyar zai bi gidan duka.

Ranar shari'a mahaifin ya bayyana ɗauke da jaririn. Gwamna Hilariyanus shi ma ya sa baki, ta ƙi yin hadayar. Da tsohon ya nace, gwamna ya sa aka ture shi, aka zabga masa sanda. Farfetuwa ta rubuta da hannunta cewa ta ji zafin dukan kamar a jikinta ya sauka. Aka yanke musu hukuncin jefawa ga namun daji. Ta aika a kawo mata ɗanta, mahaifin ya hana.

Ran 7 ga Maris aka fito da su filin wasa, a bikin ranar haihuwar Geta, ɗan Kaisar. Wata mahaukaciyar saniya ta yi jifa da ita. Ta tashi, ta gyara suturarta, ta ɗaure gashinta don kada a ɗauka makoki take yi, sannan ta miƙa hannu ta tayar da Felisita, baiwar da ta haihu a kurkuku kwanaki kaɗan kafin nan. Da takobi aka ƙarasa su.