Abincin Ƙari a Jirgin Shaƙatawa: Halal Ne Ko Almubazzaranci?

 

Akwai wata irin tafiyar ruwa da ta bunƙasa a ƙasashen Turai da Amurka, wadda ba ta fatauci ba ce, ba kuma ta biyan wata bukata a wani gari ba. Mutum ya sayi tikiti, ya shiga jirgin ruwa mai girman unguwa guda, a yi ta zagayawa da shi a teku kwana bakwai ko goma, ana yada zango a tsibirai, daga bisani a komo da shi tashar da ya tashi. Kuɗin tikitin nan ya haɗa da ɗakin kwana da abinci: na safe, na rana, na dare, har da abin taɓawa a tsakani. Akwai babban zauren cin abinci inda ake kawo wa mutum abin da ya zaɓa, akwai kuma wani inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, ya koma ya ƙara iyakar yadda ya so, ba mai tambayarsa ko kwabo.

Amma a cikin jirgin nan dai, akwai waɗansu ƙananan ɗakunan cin abinci da ba a shigarsu sai an riga an kama wuri, an kuma biya kuɗi dabam. Wannan na gasasshen nama ne, wancan na girkin Italiya, ga kuma na Japan inda kuku ke soya abinci a gaban masu ci. Jirgin nan Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miyami a watan Janairu na 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, kuma a shekarar da ya fara an sa wa jibin dare guda a ɗakinsa mafi tsada dala 200 ga kowane mutum.

To, a nan tambaya take. Mutumin da ya riga ya biya kuɗin ƙoshinsa, aka shimfiɗa masa abincin da ya fi ƙarfin cikinsa, sa'an nan ya bar shi ya je ya sake biyan kuɗi don ya ci wani, mene ne matsayinsa a Shari'a? Kada mai karatu ya ce wannan matsalar Turawa ce. Musulmi masu hali suna shiga irin waɗannan jirage, tambayar kuwa ta shafi duk wanda Allah ya buɗa wa har ya wuce neman abin da zai ci, ya koma neman abin da zai yi marmari.

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa ita ce, Musulunci bai haramta abinci mai daɗi ba. Aya ta 32 ta Suratul A'arafi ta yi inkari ga masu haramta ƙawa da daɗaɗan abinci da Allah ya fitar domin bayinsa. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son zuma da kayan zaƙi, an kuma san yana son naman ƙafar gaba ta tunkiya. Mutanen Kogo ma, da suka farka suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu, sun ce ya duba abincin da ya fi tsarki da kyau ya sayo. Saboda haka wanda ya samu dukiyarsa ta hanyar halal, ya fitar da zakka, ya sauke haƙƙin iyalinsa, idan wata rana ya ɗauki matarsa zuwa ɗayan ɗakunan nan don ya faranta mata rai, babu malamin da zai ce ya ci haram don ya biya ƙarin kuɗi kurum. Ciniki ne an bayyana farashinsa, an bayyana abin saye, kuma sau da yawa naman can ya fi kyau, wurin ya fi natsuwa. Mai tsananta wa mutane a inda Allah ya sassauta shi ma ya yi kuskure.

Sai dai ayar da ke gaban waccan, watau ta 31, wadda ta halatta ci da sha, ita ce kuma ta hana israfi a wuri guda. Malamai sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne kashe dukiya a inda ya dace amma a wuce gona da iri, tabziri kuwa kashe ta a inda bai dace ba tun asali. Awon israfi yana bin halin mutum. Dala 200 ga attajiri abu ne kaɗan, ga ma'aikacin da ya tara albashin shekara biyu kafin ya sayi tikiti kuwa babbar magana ce. Abin da ke ƙara wa lamarin haɗari shi ne, a cikin jirgin ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ake ba fasinja, shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne kuma aljihunsa. Duk abin da ya saya sai a rubuta, ba zai ji zafin biya ba sai ran sauka. Wanda ya san yadda cin bashi a kanti yake, ya san yadda hannu ke saki in ba a ƙirga kuɗi a tafi.

Amma ko da an kawar da batun kuɗi, akwai abin da ya fi shi zurfi. Mai jirgi ɗan kasuwa ne, ya kuwa san ba zai iya sayar wa ƙosasshe abinci ba sai ya fara sa shi ya ji kamar an rage masa wani abu. Tun ran da aka shiga jirgi ake bin fasinja da takardun talla, ana yi masa tayin rangwame in ya sayi dare uku a haɗe. Kafin a yi kwana biyu, abincin babban zaure, wanda da a gida aka ajiye masa shi sai ya kira maƙwabta su gani, ya zama a idonsa abincin gama-gari. Ba abin da ya canja a cikin kwanon. Zuciya ce ta canja, don ta ji labarin akwai wata ƙofa da ba ta shiga ba.

Wannan cuta tsohuwa ce. Suratul Baƙara, aya ta 61, ta kawo labarin Bani Isra'ila, waɗanda aka saukar wa Mannu da Salwa ba tare da noma ko wahala ba, suka ce wa Annabi Musa ba za su iya haƙuri da abinci iri ɗaya ba, suka nemi ganye da albasa da sauran abin da ƙasa ke tsirarwa. Albasa halal ce, ba wanda ya ce haram ce. Abin zargin shi ne raina ni'imar da ke hannu. Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah bai taɓa aibata abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Fasinjan da ya zauna a ɗakin ƙari yana yi wa abincin babban zaure ba'a, ya yi asarar abin da ya fi kuɗinsa, watau godiya. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umar ya gamu da Jabir ɗan Abdullahi ɗauke da nama, Jabir ya ce marmari ne ya sa ya saye shi da dirhami guda. Umar bai ce masa ya ci haram ba. Tuna masa ya yi da maƙwabci da ɗan'uwa, da kuma ayar Suratul Ahƙafi mai gargaɗin waɗanda suka ƙarar da jin daɗinsu tun a duniya. Dirhami guda ke nan fa.

Sa'an nan kuma ga maganar ƙofar kanta. Wani ba ɗanɗano yake saye ba, bambanci yake saye: a gan shi ya shiga inda wasu ba su shiga ba, ya ɗauki hoton akushi ya aika gida. Wannan ba boyayyen abu ba ne ga mai shi, in ya so ya sani. Ya tambayi kansa, da za a kawo masa abincin nan ɗakinsa, ba mai gani, ba damar ba da labari, zai biya? In zai biya, to marmari ne, marmari kuwa halal ne gwargwadon iyakarsa. In ba zai biya ba, to alfahari ya saya, shi kuwa alfahari ba shi da gwargwadon da ya halatta.

Akwai kuma abubuwan da ba su bukatar dogon nazari. A waɗansu daga cikin jibin nan masu tsada ana haɗa kowane kwano da irin giyar da aka ce ta dace da shi, waɗansu ma da giyar ake dafa su. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Haka nan batun yanka da naman alade. Wajibi ne Musulmi ya tambaya tun kafin tafiya, kada tsadar wuri ta sa ya ji kunyar tambaya. Saboda irin wannan bukata ne kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara tafiye-tafiyensa daga Jidda a watan Disamba na 2024, da abincin halal, ba giya. Wannan ya kawar da matsalar haramcin abin ci. Bai kawar da matsalar zuciya ba, gama ana iya yin israfi da riya da naman da aka yanka da bisimilla.

Saura mutanen da mai ci bai cika tunawa da su ba. Wannan al'ada ta ɗakin ƙari ba yau ta fara ba. Jirgin Jamus mai suna Amerika yana da irinsa tun 1905. Titanic ma, a 1912, yana da nasa, wanda fasinjojin aji na ɗaya kaɗai ke shiga, su biya dabam. Wani Ba'italiye, Luigi Gatti, shi ke tafiyar da shi, ma'aikatansa kuwa galibi 'yan Italiya ne da Faransa, shi ya ɗauke su aiki, ba kamfanin jirgin ba. A daren 14 ga Afrilu, a ɗakin nan ne waɗansu attajiran Amurka suka shirya wa kyaftin ɗin jirgin liyafa. Sa'o'i kaɗan bayan haka jirgin ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ya nutse kafin wayewar gari da mutum wajen 1,500. A cikin ma'aikatan ɗakin nan su fiye da 60, uku kaɗai suka tsira, Gatti kansa ya halaka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira ya shaida wa kwamitin bincike a Ingila cewa an tare abokan aikinsa an hana su hawa wurin kwale-kwalen ceto. Ba fasinjoji ba ne, ba kuma cikakkun ma'aikatan jirgi ba ne, sai aka rasa mai tsaya musu.

A jiragen yau, masu dafawa da masu rarraba abinci da yawa mutanen Filifin ne da Indunusiya da Indiya, cikinsu har da Musulmi masu yawa. Sukan yi wata shida ko fiye ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kullum ba ranar hutu. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta tanadi hutun da bai gaza sa'a 10 a yini ba, da sa'a 77 a mako. Mai karatu ya lissafa da kansa sauran sa'o'in da suka rage wa aiki. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umarnin Manzon Allah cewa idan hadimi ya kawo wa mutum abincinsa, ya zaunar da shi su ci tare, in kuwa bai yi haka ba ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin wuta da hayaƙi. Dokar jirgi ba za ta bar ma'aikaci ya zauna da fasinja ba. Amma ba ta hana fasinja ya san sunan mai yi masa hidima ba, ko ya yi masa magana da mutunci, ko ya miƙa masa tukwici hannu da hannu ban da wanda kamfani ke ƙarawa a kan lissafi. Wanda yake da dala 200 na jibin dare guda ba zai rasa loma biyun nan ba.