Haƙƙin Abin Da Mu Ke Ci

Tun kaka da kakanni maharban ƙasar Hausa suna da wata dabara. Su kan sassaƙa itace kamar kan burtu, su ɗaura a goshi, su bi daji a durƙushe suna kaɗa kai. Barewa ta ɗauka tsuntsu ne, har kibiya ta same ta.

Can nesa a Alaska ta ƙasar Amurka, a bakin kogin Yukon da na Kuskokwim, akwai waɗansu mutane da a ke kira Yufik. Kifi shi ne hatsinsu, musamman samon, wanda ke haurowa daga teku kowace shekara ya zuba ƙwai. Su ma su kan sassaƙa fuskar itace mai siffar kifi ko tsuntsu, amma rawa su ke yi da ita lokacin hunturu, don su girmama dabbobin nan, su roƙi dawowarsu. A ganinsu, kifi ba ya koma wa mai wulakanta shi.

To, ga abin tambaya. Ashe abin da mutum ke ci yana da haƙƙi a kansa?

Mu dai ba mu roƙon itace, ba mu roƙon kifi, gama Allah ne mai arzutawa. Dabarar maharbi kuwa ba laifi ba ce. Amma dabara kama abu kawai ta iya, ba ta iya mayar da shi ba. Samon ya ragu ƙwarai a Yukon, ɗumamar ruwa na cikin dalilan, har a 2024 Alaska da Kanada suka yarda a daina kama babban irinsa shekara 7. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu duba gida. A ƙasar Danja yawancin daji ya zama gona, ganin barewa sai an dace. Fadamar da ta ba ka rake da tumatir tana bin ka bashin taki. Wanda ya sare itace ya dasa wani. Wanda ya zuba guba a rafi don ya kwashi kifi, lalle abincin jikokinsa ya cinye yau.

Abinci amana ne. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.