An Tambaye Shi Ya Amsa, Yanzu Mu Zai Tambaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, a makon nan wani ɗanmu, wanda da yawa daga cikinmu mun san shi tun yana ɗinke bakin buhu a rumfar mahaifinsa a Tudun Hatsi, ya ci jarrabawar baki a Jami'ar Jihar Gombe, inda yake neman digiri na uku. Alhamdulillahi. Sai dai tun da labarin ya shigo kasuwa ake ta “Dakta, Dakta”, har wasu sun fara tambayar ranar walima. To, a dakata tukuna. Abin da ya yi shi ne ya tsaya gaban farfesoshi ya kare tsarin binciken da yake son yi. Suka yi masa tambayoyi, suka gamsu, suka ce ya je ya fara. Binciken kansa yana gaba, rubutu yana gaba, sannan a ƙarshe a kawo malami daga wata jami'a ya sake titsiye shi. Shekaru ne, ba watanni ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani ba ya naɗa wa kansa sunan Gwani. Sai ya zauna gaban gwanaye sun saurare shi, sun duba rubutunsa. An ruwaito cewa Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai 70 na Madina suka shaida ya cancanta.

Da muka tambayi yaron nan abin da ya fi ba shi wuya, sai ya ce wata tambaya ce da bai san amsarta ba. Zuciyarsa ta ce masa ya yi ta zuba Turanci ko ya samu ya wuce, amma ya daure ya ce bai sani ba, zai bincika. Ya ɗauka shi ke nan ya faɗi. Ashe ba haka ba ne.

Nan muka tuna da Imam Bukhari lokacin da ya shiga Bagadaza. Malaman garin suka shirya masa mutum 10, kowanne da hadisi 10, suka cakuɗa isnadi, na wannan hadisi suka liƙa wa wancan. Duk wanda aka karanto masa sai ya ce bai san shi ba, har hadisi 100 suka ƙare. Jahilan wurin suka fara raina shi, masu ilimi kuwa suka gane. Da suka gama sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita yadda aka karanto, sannan ya mayar da kowane isnadi mazauninsa. Shi ma Imam Malik an ce an taɓa yi masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32. Mu kuwa a kasuwa, a tambayi mutum abin da bai taɓa ji ba, kafin a rufe baki ya yanke hukunci, har da rantsuwa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Binciken yaron nan a kan ajiyar wake ne da maganin ƙwari da ake zuba masa. Kowa a nan ya san abin da muke nufi. Ƙwari na cin wake, mai kaya yana tsoron asara, sai a yayyafa fiya-fiya a ɗinke buhu. Ba a ɓoye yake ba: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da ta samu a ciki. Su sun iya rufe ƙofarsu. Waken da ya rage mu ne muke ci, 'ya'yanmu ne ke cin ƙosai da alala da shi. Ga kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ke toshe iska ƙwarin su mutu ba magani, amma wasu sun ce tsada, wasu sun ce ba su yarda da shi ba. Dalilin hakan yake son ya gano.

Saboda haka zai zo rumfunanmu da takarda da biro. Muna roƙo don Allah a faɗa masa gaskiya. Ya tabbatar mana ba ya rubuta sunan kowa, kuma ba hukuma ce ta aiko shi ba. Wanda yake zuba magani ya ce yana zubawa, ya faɗi nawa, ya faɗi kwana nawa yake bari kafin ya sayar. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. In muka yi masa ƙarya, ƙarya zai rubuta, ita kuma za a karanta. Kuma mun san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ranar ƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa, ta ina ya samo ta, a ina ya kashe ta. Wannan tambaya babu wanda zai amsa ta a madadin wani.

Iyayenmu sun baro Kano da Katsina da Zariya, wasu har Maraɗi, suka zauna a Gombe zamanin auduga, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba. Yau jikansu ne ke wannan matsayi. Masu cewa mahaifinsa ya dawo da shi rumfa haka nan, boko ya isa, su yi haƙuri su bar shi ya ƙarasa.

Gwajin wake a ɗakin bincike da zirga-zirga zuwa kasuwannin ƙauye suna cin kuɗi. Mai niyyar taimakawa ya ga ma'aji bayan sallah, za a rubuta a ba shi rasit. Zai fara zagaya rumfuna ranar Litinin bayan Azahar, in sha Allahu. Allah ya yi masa jagora, ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.

Sakataren Masallaci