Ku Zo Ku Ɗan Huta

Karatu: Markus 6:30-32

Wanda ya yini a kasuwar Kejetia ya san abin da hayaniya take yi wa mutum. Ga ƙahon trotro, ga ciniki, ga waya tana ta ƙara. Da dare ka durƙusa za ka yi addu'a, baki yana magana, hankali kuwa yana can wajen bashi da kuɗin makarantar yara.

Wajen kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi akwai tafkin Bosomtwe, wanda tuddai suka kewaye. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa saboda halittunsu. Baƙi sukan sauka a ƙauyen Abono su zauna bakin ruwa. Ba abin da suke yi sai kallon masunta bisa katakonsu, da sauraron tsuntsaye. Amma sukan tashi da sauƙin zuciya.

Me ya sa? A 1989 waɗansu masana biyu a Amurka, Rachel da Stephen Kaplan, sun bayyana cewa hankalin da ake tilasta masa aiki yakan gaji kamar jiki. Motsin ruwa da ganyaye kuwa suna jawo hankali ba tare da tilas ba, sai ya sami hutu. A 1984 Roger Ulrich ya gano cewa majinyatan da tagarsu take duban itatuwa sun riga masu duban bango barin asibiti.

Ubangijinmu ya san wannan tun tuni. Da almajiransa suka dawo daga wa'azi, jama'a suka yi yawa har ba su sami damar cin abinci ba. Bai ƙara musu aiki ba. Ya sa su cikin jirgin ruwa zuwa wurin da ba kowa.

Ɗan'uwa, gajiya ba zunubi ba ce, amma idan ka ƙyale ta, za ta cinye addu'arka da haƙurinka a gida. In ba ka da kuɗin mota zuwa tafki, ka tashi da asuba lokacin da maƙwabtanmu suke tafiya masallaci. Ka ajiye waya, ka zauna ƙarƙashin itace, ka yi shiru, sa'an nan ka buɗe Littafi Mai Tsarki.

Addu'a: Ya Uba, ka tattaro hankalina da ya warwatse, domin in ji muryarka. Cikin sunan Yesu, Amin.