Aminci a Kan Kututture

Gabas da Tasawa, a kan hanyar Damagaram, garin Maijirgi na riƙe da kaburburan wasu baƙi biyu da ba wanda ya gayyace su. Hafsoshin sojan Faransa ne, Voulet da Chanoine. A farkon shekarar 1899 suka taso daga bakin kogin Kwara da nufin kaiwa tafkin Cadi, suna tafe suna ƙone garuruwa. Lugu ta Sarauniya ta gan su, Birnin Ƙwanni ta sha mafi munin ɓarnarsu. Da labari ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragama, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, ya kuma shaida wa mutanensa cewa shi yanzu daular kansa zai kafa. Daular ba ta yi kwana huɗu ba. Sojojinsu suka juya musu baya, aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma washegari.

Ba na cewa duk mai son girma Voulet ne. Amma ciwon da ya kashe shi yana da ƙananan 'yan'uwa a cikinmu, kuma ba su tsaya a ƙofar majami'a ba. Saurayi ya ƙi kafa tebur a bakin tasha domin shago yake jira. Mai bishara yana jin kunyar faɗin yawan masu zuwa sujada a ƙauyensa idan an haɗu a taron ƙasa, sai ya ɗan ƙara. Mace ta bar koyar da yara ranar Lahadi domin ba a taɓa kiran sunanta a gaban jama'a ba. Duka raini ne ga abin da Allah ya riga ya sa a hannu, maganinsa kuwa shi ne halin da Littafi Mai Tsarki ke yawan yabo, wato aminci: ka riƙe ɗan abin da aka danƙa maka, ka koma masa gobe, ka sake komawa jibi, ko da mai gani ko babu.

Rainin nan tsoho ne. Sa'ad da Yahudawa suka komo daga bauta a Babila suka sa harsashin sabon Haikali a ƙarƙashin Zarubabel, matasa na sowa, dattawan da suka san Haikalin Sulemanu kuwa kuka suke yi, don abin da ke gabansu bai kai ko kusa ba. Aikin ya tsaya shekara da shekaru. Sai da annabi Haggai da annabi Zakariya suka tsawata wa masu raina ƙaramar farawa kafin magina suka koma bakin aiki. Abin lura, masu kukan ba marasa bangaskiya ba ne. Mutanen kirki ne da girman jiya ya hana su ganin aikin yau.

A ƙasar Maraɗi ba sai mun je Urushalima neman misali ba, yana nan cikin gonakinmu. A 1981 wani matashi ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi da matarsa a ƙarƙashin mishan ta SIM, aikinsa dashen itatuwa. Lokacin ƙasa ta yi fayau. Manomi na gari shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ya ƙone saura. Itacen da ya tsira kuma a ƙarƙashin ikon ma'aikatan gandun daji yake, to me zai sa mutum ya yi renon abin da za a ci shi tara idan ya taɓa? Aka yi ta raino a gandun dashe, a yi ta ɗauka a mota ana kaiwa ƙauyuka, rana da iska da awaki da gara suna cinye mafi yawa. Rinaudo ya faɗa da bakinsa cewa ya kusa haɗa kayansa.

A 1983, yana kan hanyar ƙauye ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, ya yi addu'a ta mutumin da dabara ta ƙare masa, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya wuce ba adadi. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara tana tofo, kowace shekara ana sassabe ta. Gonakin cike suke da irinsa: kalgo, sabara, gawo, aduwa, magarya. Amsar addu'ar ba ta zo da jirgi ba, tana ƙarƙashin ƙafarsa tun ranar da ya sauka.

Aikin da ya biyo baya, wanda manoma suka raɗa wa sassaben zamani, ba shi da wani kwarjini. Ka zaɓi kututture, ka bar 'yan rassa masu ƙarfi, ka cire saura, ka datse na gefe da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake. Ka yi faɗa da mai neman itacen wuta da dare, ka yi haƙuri da makiyayi, ka jure dariyar maƙwabci da ke cewa gonarka ta zama ta rago. Manoma kaɗan ne suka yarda da farko. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa aikin da rabon abinci, ƙauyuka da dama suka shiga. Da abinci ya ƙare, akasari suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka rage, su ne abin magana. Ba wanda ke biyansu, ba wanda ke ɗaukar hotonsu. Sun dai ga iska ta daina binne musu shuka, sun ga mata sun huta da doguwar tafiya neman icce, sun ga hatsi ya fi kyau a gindin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara 20, da masu bincike suka auna da hotunan sama, suka iske wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200. An ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a Suwidin a 2018, amma hannuwan da suka yi aikin na talakawan Maraɗi da Damagaram ne, galibinsu Musulmi, kuma a wurare da yawa su da kansu suka farfaɗo da abin da kakanninsu suka sani. Ga mai son kwatanci, kowace ranar 3 ga Agusta manya na dasa itace a gaban 'yan jarida. A je a duba shi a watan Maris.

A nan ne fa nake jin tsoron labarin. Yana da daɗi har yana iya ɓatar da mu, mu ɗauka darajar ƙaramar farawa ita ce wai wata rana za ta zama babba. Idan haka ne, aminci ya zama jari kawai, son girman nan ne ya sake riga. Da yayyafi kogi kan cika, gaskiya ne, amma yayyafi da yawa a rairayi yake ƙarewa, kuma Allah ne ya saukar da shi duka.

Dubi yadda ita SIM ɗin ta fara. Samari uku suka sauka Ikko a Disamba 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya karɓi saƙonsu ba. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya kore shi. Sai a 1902 aka samu zama a Patigi, a 1924 aka iso Damagaram, daga baya Tsibiri, asibitin Galmi a 1950, na kutare a Danja a 1956. Mu da muka san ƙarshen labari muna iya cewa wahalarsu ta biya. Gowans bai san wannan ba sa'ad da yake kwance a Girku. In amincinsa na da daraja, to a ranar nan yake da ita, ko da ba a taɓa gina Galmi ba. A misalin da Yesu ya bayar na bayin da maigidansu ya bar wa dukiya, wanda aka ba biyar da wanda aka ba biyu yabo iri ɗaya suka samu, ba a fifita mai yawa ba. Wanda aka hukunta shi ne wanda ya binne nasa. Shi kansa Almasihu ya yi wajen shekara 30 a Nazarat, garin da ake yi wa ba'a, yana sassaƙa, kuma muryar da ta yaba masa a kogin Urdun ta zo tun bai yi mu'ujiza ko ɗaya ba.

Ga Kirista a wannan ƙasa maganar ba ta nesa ba ce. Mu 'yan kaɗan ne, a wasu garuruwan gida biyu ko uku. Maƙwabcinmu ba zai zo ya ji wa'azi ba, amma ya san ko tiyarmu cikakkiya ce, ya san ko muna biyan bashi ranar da muka ce, ya san ko muna zuwa gaisuwar mutuwa da suna. Ma'ajin da ke rubuta dala biyar ta baiko daidai, alhali ba mai bin sawunsa. Ma'aikaciyar jinya da ke wanke gyambon da ta wanke jiya, ta san kuma gobe ma shi ne. Matan zumunta da ke tara hatsi tiya-tiya domin gwauruwa: a kansu ikilisiya ke tsaye. Gajiyar irin wannan aiki ba ta nauyi ba ce, ta maimaici ce, shi ya sa masu farawa suka fi masu ci gaba yawa.

Sai dai akwai masu fakewa da wannan koyarwa, kuma kashi biyu ne. Na farko rago ne, wanda ya bar aikinsa ya tsumbure ya ce tawali'u ne. Manomin da ya bar kututture bai datse ba, ba aminci ya yi ba, kurmi zai samu. Na biyu ya fi damuna, domin shi babba ne. Shi ne shugaban da ke zaune a birni yana yi wa mai bisharar ƙauye wa'azin haƙuri da ƙaramin abu, alhali ɗan albashin mutumin ya yi watanni bai fito ba, 'ya'yansa na gida saboda kuɗin makaranta, matarsa ce ke riƙe da gidan da ƙuli-ƙuli. Ana samun kuɗin babban taro da na lasifika da na fentin ofis, na mai bishara ne kullum ake cewa a jira bayan kaka. Biyan wannan albashi a kan lokaci shi ma ƙaramin abu ne da aka danƙa wa wani, kuma za a tambaye shi a kansa kamar yadda za a tambayi mai bisharar a kan garkensa.