Kabbara a Hayi, Tasbihi a Gangara

A Libreville ta Gabon gari kan waye kusan lokaci guda duk shekara. Birnin na dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka babu dogon daren hunturu irin na Katsina ko Maraɗi. Ladanin Masallacin Hassan II da na ƙananan masallatan unguwa suna kiran assalatu yau kusan daidai lokacin da suka kira wata shida baya. Ka idar da salla, ka yi wuridinka, ka fito nema. Daga nan kuwa sai hawa da sauka, domin a kan tuddai aka kafa garin, da kwaruruka a tsakaninsu, a bakin mashigin ruwan Komo. Da wuya ka isa kasuwar Mont-Bouët daga masaukinka ba ka hau hayi ka gangara ba, ko a ƙafa ko a tasi.

Akwai wata sunna da ta dace da irin wannan ƙasa, wadda da yawanmu muka bar ta a cikin littafi. Imamu Buhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Sahabbai in suna tafiya sukan yi kabbara idan suka hau tudu, su yi tasbihi idan suka gangara. Iyakarta ke nan. Ba ta neman alwala, ba ta tsayar da kai daga sabgarka. Wanda ya taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gero yana iya cewa bai cika samun tudun da zai hau ba. A Gabon wannan uzurin ya faɗi.

Wanda ke son ya ji ɗanɗanon wannan sunna a jikinsa, ya shiga jirgin ƙasa daga Owendo ya sauka a tashar Lope, a tsakiyar ƙasar. Layin dogon nan da ya kai Franceville a 1986 yana bin gefen Kogin Ogowe tafiya mai nisa. A Lope akwai gandun daji, ɗaya daga cikin goma sha uku da gwamnatin Omar Bongo ta keɓe a 2002, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. A gefensa ne Dutsen Brazza yake, kuma shi baƙi suka fi hawa don su hangi kwarin kogin.

Da sassafe ake hawansa, da ɗan jagora a gaba, tun rana ba ta yi ƙarfi ba, saboda gangaren ciyawa ne, inuwa kaɗan ce. Raɓa ta jiƙa maka ƙafar wando har gwiwa. Tun kana hira da abokin tafiya har hirar ta mutu, ya rage sai haki da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi. Ka ɗaga kai ka ga ƙoli, ka ce an kusa, ka isa wurin ka tarar ashe kafaɗar dutsen ce kawai, akwai saura. Cinya na zafi, bakin ya bushe. A wannan hali kabbara takan fito a gutsure, rabi murya rabi numfashi, kuma ina ganin haka ta fi daɗin gaskiya, domin mai faɗinta ya riga ya san iyakar ƙarfinsa.

Sai ka kai, ka juya. Ga Ogowe can ƙasa, kamar farin rawani da aka warware aka shanya tsakanin tuddai. Ga filayen ciyawa, ga baƙin kurmi ya kewaye su, yana kutsowa ta kowane kwari. Masana sun ce filayen nan ragowar wani zamani ne mai sanyi da fari, dubban shekaru da suka shuɗe, kuma wutar da ake sa musu ce ke hana kurmi ya haɗiye su. In da rabo ka hango ɓauna ko giwa tana kiwo, ba ta fi ɗigo ba a ido. Jirgin da ke jan manganis daga Moanda zuwa tashar ruwa ta Owendo, wanda in kana tsaye kusa da dogo sai ka ji ƙasa na rawa, daga nan sama ko ƙararsa da ƙyar take isowa.

To, a nan ne haɗarin yake, ɗan'uwa. Komai ya ƙanƙance a idonka, sai zuciya ta soma raya maka cewa kai ne ka girma, alhali ko taƙi ɗaya ba ka ƙaru ba, wurin tsayawa kawai ka sauya. Malaman da suka yi sharhin hadisin sun ce hikimar kabbara a tudu ke nan: rai na son ɗaukaka, yana jin daɗinta, sai aka ba shi kalmar da za ta tuna masa Wanda girman nasa ne tun kafin a yi dutsen. Shi ya sa ma ba ihu ake so ba. Abu Musal Ash'ari ya ba da labarin wata tafiya da Sahabbai suka riƙa ɗaga murya da hailala da kabbara duk lokacin da suka leƙo wani kwari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su sassauta wa kansu, ya tuna musu cewa Wanda suke kira yana ji, yana kuma kusa. Har kabbarar ma tana iya zama abin nuna kai in ba a yi hattara ba.

Akwai kuma abin da tudu ke ɓoyewa. Daga sama kogin lafiya lau yake kwance. Matuƙan kwale-kwale na ƙabilar Okande, waɗanda wannan yanki nasu ne, sun san wani Ogowe dabam: mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa, mai mashigai inda igiyar ruwa ke kifar da jirgi da kaya da mutane. Su da Aduma ne suka yi ta tuƙa Pierre Savorgnan de Brazza, jami'in sojan ruwan Faransa haifaffen Italiya, a tafiyarsa ta 1875 zuwa 1878, suna jan jirage da igiya a inda tuƙi ya gagara. Dutsen ya tashi da sunan wanda aka ɗauko. Waɗanda suka ɗauko shi kuwa, taswira ba ta san su ba, amma littafin da ba ya barin ƙarami ko babba ya san kowannensu da sunan uwarsa. Ta wannan kogin mai kyaun gani aka riƙa gangarar da bayi zuwa bakin teku. Libreville ɗin da muke kwana muke tashi a cikinta an kafa ta ne a 1849 don a zaunar da mutanen da aka ƙwato daga wani jirgin fataken bayi. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da ido zai gani daga ƙolin dutse.

Mu Hausawa muka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma karin maganar tana ci ta ɗaya fuskar ma: wanda ke kan Dala yana hangen rufin gidaje, bai san wane gida aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Haka maigidan shago da Allah ya buɗa wa yake kallon yaronsa da ya makara, ya yanke hukunci cewa lalaci ne, bai san ruwa ya kwana yana shiga ɗakin yaron ba. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, wajen ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma duk ruwan da ya sauka a tudu, kwari yake nufa. Masu hali sun fi samun tudu. Baƙo sabon zuwa, ɗan dako, mai tura baro, mai yawo da kaya a ka, su ne a gidajen katako na cikin kwari. Wanda ya zo garin nan da jaka ɗaya, yau yana da shago uku da mota, in har kabbararsa ta wuce leɓe, za ka gan ta a yadda yake yi wa na ƙasa da shi magana.

Sai saukowa. Masu hawan dutse sun san an fi zamewa a gangara, lokacin da gwiwa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma masauki. Tsakuwa na gudu a ƙarƙashin ƙafa, kana dafa ciyawa, abin da ka hango ɗazu yana ɓacewa kaɗan-kaɗan har ka koma cikin zafi da ƙudaje. A nan aka ce a yi tasbihi. Malamai sun danganta wannan da Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi tasbihi a wuri mai tsananin zurfi da duhu, aka kuma fitar da shi. Tasbihi tsarkake Allah ne daga kowace tawaya, kuma lokacin da aka fi bukatarsa shi ne lokacin da kaya suka maƙale a tashar ruwa, takardar zama ta ƙare, aka bugo waya daga gida ana neman kuɗin magani, aljihu kuwa babu. A irin wannan rana ce Shaiɗan ke raɗa wa bawa cewa an manta da shi, ko an zalunce shi. Mai cewa Subhanallahi a gangara yana shaida ne cewa shi ya sauko, Ubangijinsa bai sauko daga kamalarsa ba, bai yi mantuwa ba, bai yi kuskure ba.

Ba kowa zai je Lope ba. Kuɗin jirgi da na masauki da na ɗan jagora ba wasa ba ne ga mai neman na tuwo. Amma tudun da ke tsakanin ƙofarka da bakin titi ya isa. Yau in tasi ta ɗauki hayi, injin na kuka, yi kabbara a hankali, yadda na kusa da kai ma ba sai ya ji ba. In ta sako gangara, direba na taka birki, yi tasbihi.

Ya Allah, waɗanda ruwa ya shiga wa ɗaki a daren jiya, ka musanya musu abin da ya lalace. Matuƙa a kan Ogowe da direbobin da ke hanyar Bitam da Oyem, ka kai su lafiya. Wanda ka buɗa wa a cikinmu, ka sa masa tausayin yaransa. Wanda kasuwa ta juya wa baya, ka tsare masa harshensa daga faɗin abin da ba ka so, ka kuma kawo masa mai saye kafin azahar. Amin.