Kwamfuta ta kulle a hannun mai gyara: wa zai lamunce?

Ɗalibi a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, ko malamin sakandare a Kusada, idan kwamfutarsa ta fara nauyi yakan kai ta wurin mai gyara a gari, ko ya bi motar Kano ko ta Katsina da ita. Maganin da aka saba shi ne a goge tsohon Windows a ɗora sabo, a kuma kwantar masa da hankali cewa kayansa da ke ɗaya ɓangaren ma'ajiya babu abin da zai same su. Bayan an gama kwamfuta ta tashi garau, amma wancan ɓangaren ya ƙi buɗuwa sai an ba shi lambobi 48 da mai ita bai taɓa jin labarinsu ba. Aikin bincikensa, sakamakon ɗalibai, hotunan mahaifin da ya rasu, duk suna ciki. A nan ne ake cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ni ina ganin mai gyaran da ya goge ba tare da ya duba ba shi ne shari'a ta ɗora wa lamuni, kuma kiran abin ƙaddara ba ya sauke masa wannan nauyi.

Makullin sunansa BitLocker, kamfanin Microsoft ya fito da shi tare da Windows Vista a 2007 domin kada ɓarawo ya karanta abin da ke cikin kwamfutar da ya sata. Yana hargitsa bayanai ta yadda ba su karantuwa sai da mabuɗi. Kullum kwamfutar ce ke buɗe wa kanta, shi ya sa mutum zai shekara bai san a kulle take ba. Mabuɗin ɓangaren ajiya kuwa tsohon Windows ne ke riƙe da shi, don haka goge shi na nufin an tafi da mabuɗin. Abin da ya rage shi ne lambobin nan 48, waɗanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, kuma a kwamfutar hannu sau da yawa asusun na mai shago ne ko na wani da ya yi amfani da ita a Turai. Tun fitowar sigar Windows 11 ta ƙarshen 2024 kullewar tana kunna kanta a kwamfutoci da yawa, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, jama'a na tururuwar sauyawa. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba zai iya dawo da mabuɗin da ya ɓace ba.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Katsina bai bar wannan babi a buɗe ba. Asali wanda aka ba amana ba ya biya sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil sun ware masu sana'a: tela ko marini da ya kafa kansa don jama'a, ya karɓi kaya ya shige da su inda mai su ba ya gani, shi zai biya idan sun salwanta, sai in ya kawo shaidar cewa ba da hannunsa ba ne. Shaɗibi ya kawo wannan hukunci a matsayin misalin maslaha, domin mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, ba su kuma da ikon sa musu ido. Duk sharuɗɗan nan sun cika a kan mai gyaran kwamfuta, har ma da ƙari, domin ba gobara ko sata ce ta cinye kayan ba, aikin hannunsa ne. Duba ko ma'ajiya a kulle take ba ya cin minti biyu, kuma muddin tsohon Windows na tashi ana iya kwafe mabuɗin ko a cire kullewar kafin a taɓa komai.

Mai gyara zai ce ai bai lalata komai ba, bayanan suna nan daram. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma gaskiya ce ta fuskar na'ura. Sai dai malamai sun daɗe da sanin cewa shiga tsakanin mutum da dukiyarsa yana wajabta lamuni ko da dukiyar ba ta halaka ba, kamar wanda ya jefa zoben wani a rijiyar da ba a iya shiga. Mallaka ba ta tsaya ga wanzuwar abu ba, ta haɗa da ikon kaiwa gare shi da amfana da shi. Abin da wannan hujja ke tabbatarwa kawai shi ne kada a yi gaggawar goge ɓangaren, domin ranar da mabuɗi ya bayyana komai zai dawo, lamuni ya faɗi.

Zai kuma ce mai ita ne ya yi sakaci da mabuɗinsa, ko kamfani ne ya kulle ba tare da bayani mai gamsarwa ba. Akwai gaskiya a nan, kuma tana rage nauyi a wasu lokuta. Idan kwamfutar ta zo a mace ba ta tashi, ko an gargaɗi mai ita ya ce a goge ya yarda, to mai gyara ya kuɓuta. Amma ba a tuhumar mutum da ɓatar da abin da bai san yana da shi ba, alhali ya biya kuɗi ne daidai domin ilimin da ya rasa. Idan kuma mai gyaran ma bai san da makullin ba, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito kan wanda ya shiga aikin magani ba tare da an san shi da iliminsa ba ya nuna cewa jahiltar sana'a dalilin lamuni ne, ba uzuri ba.

Abin da ke da wuya shi ne ƙiyasta diyya, domin hoton mamaci ba shi da farashi a kasuwa. Wahalar ƙiyasi dai ba ta soke haƙƙi. Ana iya mayar da ladan aiki, a ɗauki nauyin bin sawun mai shagon da ya buɗe asusun, a ba da wata ma'ajiya domin a adana kullalliyar yadda take, a biya kuɗin sake buga abin da ke sake buguwa, sauran a yi sulhu a gaban dattawan sana'a. Mai kaya yana da damar ya yafe, kuma yana da lada in ya yi, amma sai bayan an faɗa masa gaskiyar yadda aka yi da kuma cewa haƙƙin nasa ne.